Shin muna da dangin sapen na asali a tsaunukan arewacin Kamaru?

Wani ɗalibi ɗan Garwa, mai karatun ilimin tsirrai a Ngaundare, ya aiko da wannan tambaya: "Baba, na karanta cewa itatuwan konifa, wato dangin sapen, na ƙasashen sanyi ne, waɗanda muke gani a Ngaundare kuma dasa su aka yi. Amma wani abokina ɗan Poli ya ce akwai irinsu na asali a saman tsaunin Hosere Vokre. Gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya kamanninsa, me ya kai shi can, kuma yana cikin haɗarin ƙarewa? Zan iya dasa shi a gidanmu a Garwa?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara basira. Abokinka bai faɗi ƙarya ba. Akwai itacen, kuma ba wanda ya dasa shi. Sunansa a wurin masana Podocarpus latifolius, a wasu littattafai kuma za ka tarar an rubuta Podocarpus milanjianus. Don sauƙin faɗi zan riƙa ce masa fodokafus. Ba itacen ƙasar Hausa ba ne, ba ya fita a inda kakanninmu suka yi noma da fatauci, shi ya sa ba za ka ji shi a bakin mahaifinka ba yadda kake jin kuka da ɗorawa da tsamiya.

Abin da ka karanta ma ba kuskure ba ne gaba ɗaya. Dogayen itatuwa masu ganye kamar allura da ke cikin gandun dashe na Ngaundare baƙi ne, an kawo irinsu daga Amurka ta Tsakiya da Asiya don katako. Sifires da ake shinge da shi a ƙasar Bamileke da Bamenda asalinsa Meziko. Filawo kuwa, wanda mutane da yawa ke ɗauka sapen ne, ko dangin ma ba ya ciki. Itace ne mai fure, daga yankin Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya, abin da kake gani kamar allura a jikinsa siraran rassa ne ba ganye ba. To ka ga ido yana ruɗin mutum ta hanya biyu: wanda ya yi kama da konifa ba shi ba ne, shi kuma na asalin namu in ka gan shi ba za ka ce konifa ba ne.

Abin da ke mai da itace konifa ba siffar ganye ba ce, yadda yake haihuwa ne. Mangwaro da kanya da goba suna fure, furen ya zama ɗa, ƙwallon yana lulluɓe a cikin ɗan. Konifa ba ya fure ko kaɗan, irinsa a fili yake, ba a rufe shi a cikin kwanso irin na masu fure ba. Sunan babban rukunin da yake ciki, da Girkanci, ma'anarsa ke nan: iri tsirara. Gida ne mai tsufa ƙwarai, ya haura shekara miliyan 300 a doron ƙasa, tun kafin a sami itace mai fure ko ɗaya. Yau nau'o'insa sun ɗan wuce 600. Mafi shahara su ne na arewacin duniya, masu allura da busasshen kan nan mai ɓawo hawa-hawa. Amma akwai wani reshe na gidan da ya tashi a kudu, a tsohuwar nahiyar da masana ke kira Gondwana, lokacin da Afirka da Kudancin Amurka da Ostareliya da Indiya da Antatika suke haɗe. Fodokafus ɗan wannan reshe ne. Yana da 'yan'uwa kusan 100, a Niyu Zilan, da Cile, da Niyu Gini, da tsaunukan Asiya. Su ba su tsaya ga allura ba, sun faɗaɗa ganye don su iya zama a inuwar kurmi tare da itatuwa masu fure. Kalmar latifolius kanta ma'anarta mai faɗin ganye.

In ka tsaya a gindinsa ga abin da za ka gani. Ganyen dogo ne siriri, kamar tsinken fata da baduku ya yanka, tsawon yatsa ko ya fi, faɗinsa bai cika wuce farcen ɗan yatsa ba. Yana da kauri da sheƙi, kore ne mai duhu, yana ɗan ja zuwa shuɗi. Ka ɗaga shi ka duba a hasken rana: jijiya ɗaya ce tak a tsakiya, ba ka ganin ƙananan jijiyoyin nan da ke rarrabuwa kamar raga a ganyen mangwaro. Wannan ita ce alamar da na fi dogara da ita a daji. Sabon toho yakan fito fari-fari ko ja-ja a ƙarshen reshe, har daga nesa ka ɗauka fure ne. Ba ya kaɗe ganye da rani. Ɓawonsa toka-toka ne ko ruwan ƙasa, siriri, a jikin tsohon itace yana saɓulewa a tsaye, dogo-dogo. Ka riƙe maganar sirancin ɓawon nan, zan komo kanta, don a nan ajalinsa yake.

A wuri mai kyau, cikin kwari mai zurfin ƙasa da ruwa, yana kai mita 30, gangar jikinsa miƙaƙƙiya kamar turke. A kan tsandauri inda iska ke dukansa kuwa sai ya tsuke ya karkace, ya tsufa bai fi tsayin mutum biyu ba. Katakonsa ruwan ɗorawa ne mai haske, mai laushin sassaƙa, ba shi da ƙaro ba shi da wari, saɓanin sapen da ke naso a hannun kafinta. Saboda launin nan mutanen Afirka ta Kudu suke ce masa itace mai ruwan ɗorawa, kuma shi ne itacen da suka ɗauka alamar ƙasarsu. Can ma sai da aka ci shi da gatari a ƙarni na 19, aka yi daɓen gidaje da amalanke da matashin layin dogo, kafin doka ta kare shi.

Wurin haihuwarsa ne na fi so in tsaya, don nan abin sha'awa yake, kuma nan rauninsa yake. Kamar dabino da giginya da goruba, akwai namiji akwai mace, kowane gindinsa daban. Namijin yana fitar da wasu 'yan sanduna gajeru a hammatar ganye, masu ɗan ja-ja, su ne ke sakin bununi, garin nan da ka sani a kan gero in ya yi huda. Ba zuma ce ke ɗaukarsa ba, iska ce. In ka sa ƙwayar bununin a madubin ƙara girma za ka ga tana da 'yan jakunkunan iska biyu, ɗaya a kowane gefe, su ke taimaka mata ta yi nisa. Macen kuma tana fitar da ƙwallo ɗaya ko biyu, kamar girman gujiya, a zaune a kan wata tsoka mai kumburi. In ka san yazawa ka riga ka gane siffar: tsoka mai ruwa, ƙwallo a maƙale a ƙarshenta a waje. Tsokar nan in ta nuna takan yi ja ko jar garura, da ɗan zaƙi. Daga nan sunan ya fito, don podo ƙafa ke nan da Girkanci, karpos kuma ɗan itace. Ba ɗan itace ba ne na haƙiƙa irin na masu fure, ɓawon kan nan na konifa ne ya haɗe ya zama tsoka. Amfaninta ta jawo tsuntsaye da birai da jemagu, su ci, su kai ƙwallon wani wuri.

Yanzu ka haɗa waɗannan. Ana bukatar namiji da mace kusa da juna yadda iska za ta sada su. Ana bukatar tsuntsun da zai ɗauki iri. Irin kuma ba ya ajiyuwa. Gero ka zuba a rumbu ya shekara, ƙwallon kuka ya yi shekaru a ƙasa yana jiran ruwa, amma na fodokafus in ya bushe ya mutu. Dole ya faɗi a ƙasa mai laima, cikin inuwa, a kan ruɓaɓɓen ganye. In ya tsiro, girmansa a hankali ne ƙwarai, yakan yi shekaru yana ɗan ƙarami a ƙarƙashin manya, yana jiran wani tsoho ya faɗi haske ya shigo. Saiwarsa tana da 'yan ƙulle-ƙulle jere kamar carbi, cikinsu akwai wani naman gwari mai laushi da ke taya shi tsotso abinci daga ƙasa maras ƙarfi. Duk wannan tsari an gina shi ne don kurmi mai sanyi da laima wanda ba a taɓa shi. In aka rage gindi goma zuwa uku, ukun kuma suka zamo maza, itacen ya ƙare a wannan kwari ko da yana tsaye kore shar.

Game da sunayen nan biyu, kada su ruɗe ka. An sa wa na tsakiyar Afirka suna milanjianus a 1894 daga tsaunin Mulanje na ƙasar Malawi, na Afirka ta Kudu kuma latifolius. Wasu masana sun ce nau'i biyu ne, wasu sun ce ɗaya ne mai faɗin mazauni. A jarrabawa ka rubuta wanda malaminka yake bi, amma ka san itace ɗaya ake nufi in ana maganar Kamaru.

Mazauninsa a wurinmu saman tsaunuka ne kawai. Babban gidansa a Kamaru shi ne Kilum-Ijim, wato tsaunin Oku a yankin Arewa maso Yamma, mai tsayin mita 3,011, inda yake cakuɗe da gorar tsauni a can ƙololuwa. Ana samunsa a Gangirwal, wanda ake kira Caɓɓal Waddi, a kan iyakarmu da Nijeriya, mai mita 2,419, a bakin ƙoramun da ke gangarowa daga sama. Sai kuma Hosere Vokre na abokinka, a ƙasar Poli, mai mita 2,049, inda 'yan kurmi-kurmi suka maƙale a kwazazzabai. Wannan na Poli yana daga can bakin iyakar arewa ta mazauninsa a wannan ɓangare na Afirka. Daga tsaunukan iyakar nan ka nufi yamma, har ka kai Gini da Saliyo, ba za ka ƙara ganinsa ba. Abokan zamansa su ne zaitun na tsauni, da wani ɗan'uwan malmo, da wani itace mai suna Prunus africana, rassansu duka sanye da gansakuka da wani farin gemu mai reto wanda ba ya rayuwa sai inda iska ke da laima.

Dalilin tsayawarsa a sama lissafi ne mai sauƙi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, ba ta fi mita 200 da wani abu ba daga teku, a watan Maris da Afrilu kuma ka san yadda ake wuce digiri 40. Kan Vokre ya ɗara ta da kusan mita 1,800, wato sanyin digiri 10 ko 11. Amma tsawo kaɗai ba ya wadatarwa. Emi Kusi a Tibasti ta ƙasar Cadi ya kai mita 3,415, ya fi Oku ma, amma ba ruwa, don haka ba fodokafus. Tsaunukan Mandara ba su kai tsawon ba, ga fari, ga shi an nome su hawa-hawa tun zamanin da. Abin da yake so sanyi ne tare da laima: damina mai tsawo, gajimare da ke sauka ya kwanta a kan dutse, raɓa da hazon ruwa da ganye ke tarewa su ɗiga ƙasa. A Poli rani yana da tsawo, hunturu yana busar da komai, shi ya sa ba ya fitowa fili, sai a kwari mai inuwa inda ruwa ke tsattsafowa daga dutse har cikin bazara.

Sai ka ce, to wa ya kai shi can, tunda tsakanin Oku da Poli akwai ɗaruruwan kilomita na daji mai zafi? Amsar tana ƙarƙashin tafkuna. Bununin da na faɗa maka ba ya ruɓewa da sauƙi. Kowace shekara yana faɗawa cikin ruwa ya nutse, taɓo ya rufe shi, shekara a kan shekara kamar shafukan littafi. Masana suna huda ƙasan tafki su zaro dogon sandan taɓo, su ƙirga bununin kowane hawa. A tafkin Bambili kusa da Bamenda an zaro wanda ya ƙunshi shekara 90,000, aka wallafa sakamakon a 2019, aka ga kurmin tsauni yana faɗaɗa yana tsukewa, yana hawa yana sauka, gwargwadon yadda sanyi da ruwan sama suka sauya. Kusa da kai ma akwai shaida. A tafkin Mbalang, nan gabas da Ngaundare, taɓon shekara 7,000 ya nuna cewa a da ƙasar ta fi yanzu duhuwar itace, da bununin fodokafus da na zaitun na tsauni a ciki. Wajen shekara 3,000 da suka wuce ruwa ya ja baya, rani ya ƙara tsawo, dajin ciyawa da muke gani yau ya kafu. Binciken ƙwayoyin gado shi ma ya nuna na Kamaru 'yan'uwa ne na kusa da na gabashin Afirka, ba su daɗe da rabuwa ba in an auna da tsufan gidansu. Wato akwai zamanin da hanya take a buɗe, yana tsallakawa daga tudu zuwa tudu a bakin tsuntsu. Hanyar ta rufe. Abin da ke kan Vokre ragowa ne, kamar kududdufin da Binuwai ke bari a kan yashi in ruwa ya janye.

Yanzu ga tambayarka mai nauyi. Ƙungiyar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa wannan itace a rukunin da ba a fargabar ƙarewarsa. Hukuncin daidai ne a ma'auninsu, don suna duba duniya ce gaba ɗaya, shi kuma yana nan daga Afirka ta Kudu har Kenya da Yuganda da Sudan ta Kudu. A binciken da suka kammala a 2013 kusan kashi ɗaya cikin uku na konifa na duniya suna cikin haɗari, namu ba ya cikinsu. Amma ina roƙonka kada ka ɗauki wannan hukunci ka ɗora a kan Poli. In an ce Hausawa suna da yawa a duniya, wannan ba ya hana zango guda ya zama kufai. Fodokafus na Kenya ba zai aiko da iri Vokre ba. In ya ƙare a can, ya ƙare ke nan, tare da duk abin da ya gada na jure dogon rani a bakin iyaka, wanda na cikin kurmi mai ruwa ba lalle suna da shi ba.

Na yi shekaru a aikin gandun daji, kuma kuskuren da na fi gani, wanda ni ma na yi a farkon aikina, shi ne duban sama. Mutum ya shiga kurmi ya ɗaga kai, ya ga manyan itatuwa, ya rubuta a rahoto cewa daji lafiya lau. Wata rana a wani kwari na sunkuya ɗaure takalmi, sai na lura ƙasan wurin fes take kamar an share, sawun kofato ko'ina, ba tsiro ko ɗaya da ya kai gwiwata. Na yi yini ina nema. Gari ne na tsofaffi zalla, ba yaro ba matashi. Itace mai daɗewa yakan ɓoye mutuwar kurminsa shekara hamsin ko fiye, har ranar da tsofaffin za su fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, in na shiga kurmi ƙasa nake fara dubawa.

Babban makashinsa wuta. Itatuwan dajinmu na ƙasa, kaɗanya da namijinta da maje da doka da baushe, sun saba da gobara. Ɓawonsu kauri gare shi, in ma saman ya ƙone saiwa takan sake toho. Fodokafus bai san wuta ba. Siririn ɓawon nan ba ya kare tsokar da ke ɗauke da rai a ƙarƙashinsa, ƙaramin tsiro kuwa ko hucin wuta ya ishe shi. Kurmi mai lafiya yana kare kansa: gefensa a toshe yake da sarƙaƙiya, cikinsa da laima, wutar ciyawa in ta zo bakinsa sai ta mutu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shanu su kutsa neman ruwa da inuwa, su buɗe hanya. Wani ya sare gindi biyu don rufin ɗaki. Rana ta shiga, ciyawa ta bi ta, ciyawar ta bushe da rani, wuta ta bi ciyawa. Bana ta ci taki biyar, baɗi ta ci goma. Ba a rana ɗaya kurmi ke ƙonewa ba, daga gefe ake gutsurarsa, kuma ɗan kurmin da ke cikin kwazazzabo kusan dukansa gefe ne.

Lokacin wutar ma yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wadda aka sa da wuri, a ƙarshen kaka, ciyawa da sauran ɗanyenta, tana tafiya a hankali ta mutu da raɓar dare. Wadda ta tashi a Fabrairu ko Maris, komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa, ita ce mai hawa gangare kamar doki ta faɗa cikin kurmi.

Ba na son ka fita daga nan da cewa makiyayi ne mugu. Ba haka ba ne, kuma duk ma'aikacin da ya hau tsauni da wannan zuciya ba zai tsinana komai ba. Bafillace ya hau caɓɓal, wato saman tsauni, ne don sama ba ƙudan tsando, ga ciyawa ga sanyi, ƙasa kuma gonaki sun cinye burtali. Yana ƙona tsohuwar ciyawa ne don sabuwa ta tofo wa dabbobinsa. Mai ɗiban zuma da maharbi su ma suna sa wuta, wani lokaci tasu ta fi ɓarna don a cikin kurmin suke kunna ta. Kuma makiyayin nan ya fi kowa sanin cewa ƙoramar da ke shayar da garkensa a bazara daga cikin kurmin take fitowa. Wannan ita ce ƙofar magana da shi. Kurmin tsauni kamar soso yake, yana shan ruwan damina ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Adamawa da na Poli shi ne ke ciyar da kogin Faro da na Binuwai, shi Binuwai ɗin da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Garwa.

Akwai kuma ɓarnar da ke zuwa ta dalilin maƙwabci. Prunus africana ana ɓare ɓawonsa a kai Turai, a yi maganin ciwon da ke tsare wa dattawa fitsari. An sa shi cikin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, a 1995, a 2007 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da sayensa daga Kamaru na wani lokaci saboda yawan ɓara. An ɗebe shi da yawa a Oku da tsaunin Caɓɓal Mbabo. In aka yi wa itace zobe ya mutu, rufin kurmi ya huje, duk wanda ke zaune a inuwarsa ya shiga uku.

In kana son ka ga inda wannan hanya ke kaiwa, dubi tsaunin Mulanje ɗin da aka ciro sunan itacenmu daga gare shi. Akwai wani konifa a can, Widdringtonia whytei, itacen ƙasa na Malawi, wanda ba ya fita ko'ina a duniya sai kan wannan dutse. Gatari da wuta suka taru a kansa. Da aka yi ƙidaya a 2017, manya bakwai kacal aka samu a tsaye. Yanzu dashe ake ta yi don a maido shi, dashen itacen da sai jikoki za su ga girmansa.

Oku kuma ta nuna ɗaya fuskar. Kurmin Kilum-Ijim, mai kusan hekta 20,000, yana ta raguwa har aka fara aikin kare shi a 1987 tare da sarakuna da mutanen ƙauyuka. Aka shata iyaka da yardarsu, ana share hanyar tare wuta kowace shekara, dokar gandun daji ta 1994 kuma ta ba al'umma damar riƙe dajinsu da kansu. Abin da ya ƙarfafa su shi ne kurmin yana ciyar da su: farar zumar Oku ta sami rajistar sunan asali a 2013, ba kurmi ba zuma. Akwai kuma tsuntsu mai jan tukku da ake kira turako na Bannerman, wanda babu shi ko'ina sai tsaunukan wannan yanki, yana cin 'ya'yan fodokafus yana yaɗa irin, jan gashinsa kuma shi ake soka wa manya a hula. Matsala ba ta ƙare ba, awaki da tumaki da ake saki a cikin kurmin suna cinye tsiro, amma an ga cewa inda aka tare wuta daji yana komowa.

Batun dasawa a Garwa, ka haƙura, ɗana. Na taɓa gwada renon 'yan tsiro a ƙasa mai zafi, da rumfa da ban ruwa safe da yamma, suka yi kyau har hunturu ya wuce, bazara na shigowa suka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Zafin dare ne ke kashe su, ba ƙishirwa ba. A Ngaundare, mai sama da mita 1,000, ana iya gwadawa a wuri mai inuwa kusa da ruwa. A ɗebi iri sabo daga ƙarƙashin uwa daban-daban, a cire tsokar, a shuka nan da nan a ƙasar da aka gauraya da 'yar ƙasar kurmi saboda naman gwarin saiwa, a kuma dasa da yawa wuri ɗaya, tunda ba a gane namiji da mace sai sun girma. Kada ka tumɓuke tsiro daga tsauni, wanda ya riga ya kama a can ya fi daraja a inda yake. Gidanku kuwa ka dasa masa maɗaci ko tsamiya.

In Allah ya nufa ka bi abokinka Poli, ka je bayan ɗaukewar ruwa, kafin wuta ta fara. Ku fara gaida hukuma da sarakunan wurin, ku nemi izini, ku ɗauki ɗan jagora daga mutanen Dupa da ke zaune a tsaunin, don akwai wuraren da suke girmamawa waɗanda baƙo ba ya shiga kai tsaye. Ka tambayi dattawansu sunan itacen da harshensu, da abin da suke yi da shi, da inda kurmin ya tsaya a zamanin ƙuruciyarsu, ka rubuta yadda suka faɗa. A kowane kwari ka auna kaurin kowane gindi a daidai ƙirjinka, ka rubuta namiji ne ko mace in ka ga alama, ka duba baƙin tabon wuta a gindi da sawun shanu. Sa'an nan ka shata taki goma tsawo taki goma faɗi, ka durƙusa ka ƙirga waɗanda ba su kai gwiwa ba, da waɗanda suka kai ƙugu, da waɗanda suka wuce kanka. Reshe ɗaya ya isa, ka matse shi cikin takarda ka aika ma'ajiyar tsirrai ta ƙasa da ke Yawunde, da kwanan wata da tsayin wurin. In ka sauko ka aiko mini da lissafin ƙananan, shi nake son gani.